LAFIYA UWAR JIKI: Ciwon Kan Da Ba Ya Jiran Gari Ya Waye

A wannan wata za mu tattauna kan ciwon da ke kayar da mutum yana tsaka da harkarsa, har a gida a ce iska ce ta buge shi.

Jijiyar jini a ƙwaƙwalwa takan yi rauni a wuri guda, ta kumbura kamar tsohon tub ɗin keke. Kusan mutum 3 cikin 100 na ɗauke da wannan kumburi ba su sani ba, kuma yawancinsu har abada ba ya fashewa. Amma ranar da ya fashe, sai ciwon kai ya sauko farat ɗaya, irin wanda mutum bai taɓa ji ba, tare da amai da sanƙarewar wuya, wani lokaci har da suma.

A da, sai an buɗe ƙoƙon kai a matse wuyan kumburin da ɗan ƙarfe, aikin da Walter Dandy ya fara a Amurka a 1937. Yanzu akwai wata hanya. Likita zai zura siririn bututu ta jijiyar matsematsi, yana kallon hoto a allo, har ya kai ƙwaƙwalwa. Daga nan sai ya cika kumburin da lallausar waya, ko kuma ya ɗura wani ruwa mai kauri da ake kira Onyx, wanda ke daskarewa da zarar ya haɗu da jini, kamar yadda ƙaro ke daskarewa a jikin itace. Amurka ta amince da shi don kumburi mai faɗin baki a 2007. Yau an fi amfani da shi wajen toshe jijiyoyin da suka cuɗe, kumburi kuwa waya aka fi sa masa.

A nan gida, Dakta Husaini Abu Salih ne ya kafa sashen tiyatar ƙwaƙwalwa a Asibitin Sha'ab na Khartoum. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya rufe asibitoci da dama, nauyi ya koma kan irin su Asibitin Nau na Omdurman. Masu hali sukan nufi Alƙahira. Mu fa?

Abin da ke hannunmu uku ne. Na farko, mu riƙa auna hawan jini, mu rabu da sigari, domin su ne ke cinye ƙarfin jijiya. Na biyu, wanda irin wannan ciwon kai ya kama, kada a ba shi Panadol a ce sai da safe. Addu'a a yi ta a cikin mota, a kan hanyar zuwa ɗaukar hoton kai, domin kumburin ya fi sake fashewa a kwanan farko, kuma na biyun ya fi kisa. Na uku, asusun da muke tarawa a unguwanni don biki da makoki, mu ware wani abu a ciki don kuɗin mota da na hoto. Gara mu kashe shi a kan mai rai.

Allah Ya ba mu lafiya. Sai wata mai kamawa.