Juya Bayanai Zuwa Jadawali: Abin da Ya Kamata a Fara Koya wa Ɗalibai

A ƙarshen kowane zangon karatu, malamin aji kan shimfiɗa babbar takardar sakamako, sunayen ɗalibai a jere daga sama zuwa ƙasa, darussa a jere daga hagu zuwa dama, makin kowa kuma a gurbin da sunansa da darasin suka haɗu. Wannan tsari yana da daɗin dubawa, shi ya sa da zarar an zaunar da ɗalibi gaban kwamfuta aka ce ya shigar da bayanai, irinsa yake zanawa. To amma abin da ya yi wa ido daɗi ba lallai ne ya dace da ajiya ba. Ya kamata makarantu su fara koya wa ɗalibai adana bayanai a tsarin rijista, daga baya a koya musu juya su zuwa jadawali, domin jadawali rahoto ne da ake fitarwa daga bayanai, kuma rahoto ba ya maye gurbin tushensa.

Bayanai iri ɗaya suna iya zama cikin siga biyu. A siga ta farko, wato dogon tsari ko tsarin rijista, kowane layi yana ɗauke da abu guda da ya faru: ɗalibi mai lamba kaza, a darasi kaza, a zango kaza, ya sami maki kaza. Ajin da ke da ɗalibai 40 masu ɗaukar darussa 9 zai cika layi 360 a zango ɗaya. A siga ta biyu, wato faffaɗan tsari, kowane ɗalibi yana da layi ɗaya tak, darussan kuma sun koma kanun layukan tsaye, sai a sami layi 40 masu gurabe tara-tara. Makin nan 360 suna nan ba su ragu ba, mazauninsu ne kawai ya sauya. Aikin ɗauko su daga siga ta farko zuwa ta biyu shi ake kira juya bayanai.

Mai rubuta manhaja da zai yi wannan juyi dole ya amsa wa kwamfuta tambayoyi uku. Wane bayani ne zai jeru a kwance? Wane ne zai zama kanun layukan tsaye? Wane ne zai cika gurabe? Akwai kuma tambaya ta huɗu wadda sababbin hannu kan manta da ita, alhali a nan ne gizo ke saƙa: idan layi biyu na rijista suka faɗa gurbi ɗaya, ko kuwa gurbi ya tashi ba kowa, me za a yi?

Wannan dabara ta girmi kwamfuta. A ƙidayar jama'ar Amurka ta 1890, Herman Hollerith ya yi amfani da kati mai huji, kowane mutum da katinsa, aka riƙa bi da katunan cikin na'ura tana ƙirga su bisa jinsi ko shekaru ko wurin haihuwa. Katunan su ne rijista, alƙaluman da aka buga su ne jadawali. A 1970 Edgar Codd, wani masani a kamfanin IBM, ya wallafa maƙalar da ta zama tushen rumbunan bayanai masu amfani da harshen SQL. Manhajar VisiCalc ta 1979 ta kawo takardar lissafi mai gurabe cikin ƙananan kwamfutoci. Daga nan wani ma'aikacin kamfanin Lotus mai suna Pito Salas ya jagoranci aikin da ya haifar da manhajar Improv a 1991, wadda ta ba mutum damar jan kanun bayanai daga wannan gefe zuwa wancan, jadawalin ya sake tsaruwa da kansa. Ba a daɗe ba Microsoft ya sanya irin wannan dabara cikin Excel na 5 da sunan PivotTable. A fagen rubuta manhaja kuwa, SQL Server ya sami umarnin PIVOT a fitowarsa ta 2005, Oracle ya bi sahu a 2007, sannan kundin pandas na harshen Python, wanda Wes McKinney ya fara a 2008, ya zo da umarnin pivot da pivot_table na faɗaɗawa da melt na mayarwa dogon tsari. A 2014 Hadley Wickham ya taƙaita ƙa'idar a maƙalarsa kan tsabtatattun bayanai: kowane abin da ake aunawa da layinsa na tsaye, kowane awo da aka yi da layinsa na kwance.

Dalili na farko na fifita rijista shi ne, rijista ɗaya tana haifar da jadawali iri-iri. Shugaban makaranta yana son ganin aji-aji da darasi-darasi. Malamin Lissafi yana son ganin ɗalibansa zango-zango. Mahaifi kuwa ɗansa kaɗai ya dame shi. Duk waɗannan juyi ne daban-daban na rijista guda. Misalin abin kamar hatsi ne a rumbu: daga gero ana yin tuwo, ana yin fura, ana dama kunu, amma wanda ya tuƙe geronsa duka ba ya da hanyar komawa ga tsaba. Muddin kowane gurbi na jadawali maki ɗaya ya ɗauka, ana iya mayar da shi rijista. Da zarar an tara maki ko an fitar da matsakaicinsu, to, an tuƙa tuwo ke nan.

Dalili na biyu shi ne, faffaɗan tsari ba ya jure sauyi. Idan makaranta ta ƙara sabon darasi, mai rijista layuka kawai zai ƙara a ƙasa, manhajarsa ta ci gaba da aiki. Mai faffaɗan tsari kuwa sai ya tsaga sabon layin tsaye, ya bi duk inda manhajarsa ta ambaci sunayen darussa ya gyara. Hasali ma faɗi yana da iyaka. Kafin fitowar 2007, takardar Excel ba ta wuce layukan tsaye 256 ba, don haka wanda ya ware wa kowace ranar shekara layinta don rubuta ruwan sama, kwanaki 365 ba za su shiga ba.

Dalili na uku, kuma mafi nauyi, shi ne juyi yana iya cutar da mutum ba tare da kowa ya lura ba. A ce ɗalibi ya sami 30 a jarrabawar Kimiyya, aka ba shi damar sakewa ya sami 70. Layi biyu ke nan suna neman gurbi ɗaya. Umarnin pivot na pandas zai ƙi aikin, ya sanar da cewa akwai maimaici. Umarnin pivot_table zai fitar da matsakaici, ya rubuta 50, in ba a ce masa ya yi wani abu dabam ba. Excel kuwa al'adarsa tara lambobi, sai ya rubuta 100. Amsa uku daga bayani ɗaya, kuma babu wadda ta zama 70 ɗin da wataƙila dokar makarantar ta tanada. Haka nan gurbin da ya tashi ba kowa. Ɗalibar da ta sami 60 da 70 da 80 a darussa uku, ba ta kuma ɗaukar na huɗu, matsakaicinta 70 ne. Idan mai manhaja ya cike guraben da ba kowa da sifiri don jadawali ya yi kyan gani, sai a raba 210 gida huɗu, ta faɗo zuwa 52.5. Rashin zama jarrabawa daban, cin sifiri daban, kuma kwamfuta ba ta san bambancin ba sai an gaya mata.

Akwai kuma tarkon fitar da matsakaici daga matsakaici. A ce aji ɗaya mai ɗalibai 10 yana da matsakaicin 80, wani mai ɗalibai 40 yana da 50. Wanda jadawali kaɗai ke hannunsa zai haɗa 80 da 50 ya raba biyu, ya ce 65. Wanda ya koma rijista zai tara maki 2,800 ya raba wa ɗalibai 50, ya sami 56, kuma shi ne mai gaskiya.

Ba a makarantun sakandare kaɗai irin wannan ke faruwa ba. A 1973 alƙaluman ɗaukar ɗaliban babban digiri a Jami'ar Kalifoniya da ke Bakili sun nuna an ɗauki kimanin kashi 44 cikin 100 na maza masu nema, mata kuwa kimanin kashi 35. Da masana ƙididdiga suka sake tsara bayanan sashe-sashe, sai suka tarar a yawancin sassa ba a fifita maza ba. Abin da ya faru shi ne mata sun fi neman sassan da ke da wuyar shiga ga kowa. Sakamakon binciken ya fito a mujallar Science a 1975. Da dunƙulallen jadawalin farko kaɗai aka ajiye, da babu yadda za a yi a gano haka.

Masu wani ra'ayin suna da hujjarsu, kuma ba ta banza ba ce. Suna cewa shigar da maki a faffaɗan tsari ya fi sauri, kuskure ya fi saurin bayyana ga ido, kuma ba wanda zai karanta layi 360 ya fahimci halin da aji ke ciki. Duk wannan gaskiya ne, domin ido jadawali yake so. Amma ai ba cewa aka yi a daina jadawali ba. Ana iya shigar da maki ta faffaɗan allo, manhaja ta adana su a tsarin rijista, ta kuma fitar da kowane jadawali lokacin da aka buƙace shi. Abin gudu shi ne a riƙa gyara a jikin jadawali a bar rijista, har a wayi gari ba a san wanne ne na gaskiya ba.

Wasu kuma za su ce makarantu da yawa ba su da isassun kwamfutoci, ballantana a yi zancen Python. Wannan darasi bai dogara da na'ura ba. Malami na iya yanka kwali ƙanana, a rubuta lambar ɗalibi da darasi da maki a kowane ɗaya, a zana gurabe a kan tebur ko a ƙasa, a sa ɗalibai su rarraba katunan. Sai a tattara, a sauya kanun, a sake rarrabawa. In malamin ya saka kati biyu masu neman gurbi ɗaya, ya kuma ɓoye wani katin, ɗalibai za su ci karo da tambaya ta huɗu da hannunsu, su yi muhawara a kanta, su yanke hukunci. Ranar da suka zauna gaban kwamfuta, sunan umarni kawai ya rage su koya.

Saboda haka, malaman kwamfuta da na Lissafi su jera darasin yadda ya kamata: rijista tukuna, sannan juyi. A horar da ɗalibi ya rubuta hukuncinsa kan maimaici da gurbin da ba kowa kafin ya ba da umarni, ya kuma gwada jimillar jadawali da ta rijista bayan ya gama. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Waɗannan ɗalibai su ne gobe za su riƙe bayanan asibitoci da na albashi da na ƙidayar jama'a, inda kowane gurbi na jadawali yake wakiltar haƙƙin wani mutum.