Mercedes ko Lexus a Dubai: kada mu kori tambayar yaran nan

Duk uban da ya taɓa leƙa wayar ɗansa matashi ya san irin bidiyon nan: wani a Dubai ya jera motoci biyu masu ƙyalli, yana buɗe ƙofa yana rufewa, yana tambayar wacce ta fi. Kwanan baya na iske samari uku a ƙofar wata kwaleji suna ɗaga murya a kan Mercedes S-Class da Lexus LS, alhali ko keke babu mai shi a cikinsu. Wani dattijo da ke wucewa ya ce musu su je su yi karatu, su bar zancen abin da ba za su taɓa hawa ba. Na fahimci dattijon, amma ban goyi bayansa ba. A ganina gardamar tasu tana ɗauke da darasin da muke ta fama mu koyar a aji, wato yadda ake kwatanta abu biyu da hujja. Bari mu fara amsa tambayar yadda ya kamata, sannan mu ga abin da ke ciki na malami da na uwaye.

Mercedes ta Jamus ce. Sunan S-Class ya fara a 1972, samfurin da ake yawan nunawa a bidiyon kuwa ya fito a 2020 daga masana'antar Sindelfingen. Doguwarta ta kusa mita 5.3. Lexus kuma reshen Toyota ne na motocin alfarma. LS ta farko ta fito a 1989, LS 500 kuma a 2017, ana ƙera ta a Tahara ta ƙasar Japan, tsawonta ya ɗan haura mita 5.2. S 500 da LS 500 duka injinsu mai silinda shida ne, kuma kowacce ƙarfinta ya haura na doki 400. Giyar Mercedes tara ce, ta Lexus goma. A takarda dai tazararsu ba ta kai yadda samarin suke zato ba.

Abin da ke raba su shi ne garin da za a yi aiki da su. A watannin Yuli da Agusta zafin Dubai da rana yakan wuce digiri 40, ga laimar teku da ke sa gumi ya ƙi bushewa, ga ƙura mai laushi. Motar da aka ajiye a rana cikinta yana iya haura digiri 60. Zafi irin wannan yana gajarta ran batir, yana busar da roba, yana cinye taya, ƙura kuma tana toshe matatar iska. Shi ya sa masu saye a can suke fara tambaya ko motar ƙirar ƙasashen Tekun Fasha ce, wato wadda aka shirya lagiretonta da kilim ɗinta don wannan yanayi, ko kuwa wadda aka shigo da ita daga Amurka ko Turai. Mutumin Tawa ko Damagaram da ya san watan Afrilu da Mayu ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a nan.

Sai hanya. Titin Sheikh Zayed shimfiɗaɗɗe ne kamar tabarma, daga Dubai zuwa Abu Dabi wajen kilomita 140 ne na kwalta mai kyau. A irin wannan hanya Mercedes take nuna kanta. Tana tafiya a kan matashin iska maimakon sifirin na ƙarfe, cikinta shiru, kuma ana iya sayenta da tayoyin baya masu juyawa har digiri 10, abin da ke sauƙaƙa wa doguwar mota shiga wurin ajiya mai ƙunci. Ta zo ma da jakar iska ta kariya ga wanda ke zaune a baya. In maganar jin daɗin maigida ne da ke kujerar baya yana karanta takardunsa, na ba Mercedes gaba ba tare da jayayya ba.

Amma kowane ɗaya daga cikin waɗannan abubuwa na'ura ce, na'ura kuma tana tsufa. Matashin iskar roba ne. Kusan komai a gaban motar, har saita sanyi, ta allon taɓawa ake yin sa, alhali Lexus ta bar wasu maɓallai da hannu ke lalubowa ido na kan hanya. Muddin motar na cikin shekarun garanti, kamfanin da ya sayar da ita ne ke ɗaukar nauyin abin da ya lalace. Ranar da garanti ya ƙare, aljihun mai mota ne. A nan Lexus take da hujjarta: a binciken da kamfanin J.D. Power ke yi duk shekara a Amurka kan matsalolin motoci masu shekara uku, Lexus ta sha zuwa ta ɗaya. Binciken na kamfani ne gaba ɗaya, kuma a wata ƙasa aka yi shi, don haka a ɗauke shi da wannan iyaka. Sai dai akwai shaida a Dubai ɗin kanta: kamfanonin hayar motocin alfarma, waɗanda motarsu ke yini tana aiki cikin zafi, sun cika titi da ƙanwarta Lexus ES. Mai neman riba ba ya zaɓen abin da zai kwana a gareji. Lexus ɗin kuma ta fi sauƙin kuɗi tun wurin saye.

Ga hukuncina. Wanda ke da direba, yake sauya mota duk bayan shekara uku ko huɗu, kuma matsayinsa yana bukatar a gan shi, ya ɗauki Mercedes. Wanda zai tuƙa da kansa, ya biya gyara daga aljihunsa, ya riƙe motar shekara takwas ko goma, ya ɗauki Lexus. Da ni aka bai wa zaɓi, ta biyun zan ɗauka, domin a wuri mai zafi na fi amincewa da abin da ke jurewa. Wani zai zaɓi ta farko kuma bai yi kuskure ba. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Ku lura da abin da ya faru kafin mu kai ga wannan hukunci. Sai da muka tambaya wane ne zai hau, a wane gari, a kan wace hanya, shekara nawa, kuma wa zai biya gyara. Waɗannan tambayoyi ne samarin ƙofar kwalejin ba su yi ba, kuma bidiyon da suke kallo ba zai taɓa koya musu ba, saboda mai bidiyon ƙyalli yake sayarwa. Yaron da ya iya yin su a kan mota zai iya yin su a kan babur ɗin da zai ci bashi ya saya, da wayar da zai zuba kuɗin aikin damina a kanta, da fannin karatun da zai bi bayan BEPC, har da alkawarin wanda ya ce zai kai shi aiki ƙasashen Larabawa.

Na san abin da wasu uwaye za su ce: zancen motar da farashinta sabuwa ya haura dirhami rabin miliyan, wato sama da sefa miliyan 70, yana cusa wa yaro kwaɗayi, ya raina sana'ar ubansa. Tsoron yana da tushe. Dubai gari ne da a watan Afrilu na 2023 aka sayar da lambar mota guda, P 7, a kan dirhami miliyan 55 a wani gwanjon agaji, kuɗin da ya isa sayen motocin da muke magana a kansu da dama. Yaron da ke ganin haka kullum zai iya ɗaukar cewa haka duniya take. Amma kwaɗayin ya riga ya shigo ta waya, kuma tsawa ba ta fitar da shi. Abin da ke rage masa kaifi shi ne lissafi. Ka zauna da yaron, ku jera abin da ke biyo bayan saye: inshora, taya, mai, harajin kashi 5 cikin ɗari da ƙasar ta fara karɓa a 2018, kuɗin Salik da ake cira duk lokacin da mota ta wuce wasu ƙofofin titi tun 2007, da faɗuwar darajar motar kowace shekara. Ka kuma gaya masa cewa kusan kashi tara cikin goma na mazauna garin baƙi ne, kuma da yawa daga masu riƙe da sitiyarin waɗannan motoci ma'aikata ne masu jiran albashin ƙarshen wata.

Malamin lissafi yana da aiki a shirye a nan. A ce mota tana shan lita 11 a kilomita 100, direba yana zuwa Abu Dabi ya dawo, kilomita 280, kwana 22 a wata. Lita nawa ke nan? Ɗalibi zai samu kilomita 6160 da lita kusan 678. A ba shi farashin lita da dirhami ya mayar sefa, ya bi ta dala da yuro, tunda dirhami 3.6725 ne dala ɗaya, sefa 655.957 kuma yuro ɗaya. Malamin kimiyya zai iya tambayar me ya sa farar mota ta fi baƙa sanyi a rana, ko me ya sa barin ƙaramin yaro cikin rufaffiyar mota na ɗan lokaci ke iya kashe shi. Malamin labarin ƙasa kuma ga ruwan 16 ga Afrilu 2024, wanda ya fi kowane ruwa da aka auna a ƙasar cikin shekara 75, ya nutsar da motoci masu tsada da masu araha a titi ɗaya.

Akwai dalili na ƙarshe da ya sa zancen ya shafe mu kai tsaye. Kasuwannin tsofaffin motoci na Dubai da Sharja suna aika kaya Afirka, kuma ƴan kasuwarmu suna zuwa can saro. Motar alfarma mai shekara goma takan zo da farashi mai jan rai, sai matashin da ya samu ƴan kuɗi ya ɗauka ya yi tsintuwa. Motar da aka ƙera mai ƙasa-ƙasa don titin Sheikh Zayed, in ta sauka daga kwalta ta hau jar ƙasa mai ramuka, ta sha man kwalba na bakin hanya, kuma babu makaniken da ke da kwamfutar duba ta sai an je Yamai ko Kano, ƙarshenta a kan duwatsu huɗu ne a ƙofar gida. Mun ga irin su a unguwanninmu. Ba banza ba Hilux da Corolla suka mamaye hanyoyinmu daga Gaya har Diffa.

Saboda haka in ɗanka ko ɗalibinka ya tambaye ka Mercedes ko Lexus, kada ka ce masa ya je ya yi karatu. Ka ce ya kawo takarda da biro, ka tambaye shi wa zai hau, a ina, kuma wa zai biya.