Safa Ƙafa Ɗaya Ba Ta Maganin Sanyi

'Yan'uwa manoma, a ƙungiyoyinmu da yawa mata sun iya saƙar kwarashi. In an gama girbi, an zuba amfani a rumbu, sai a sayo ulu da kuɗin asusu, a rarraba, kowace ta kama saƙar safa. Wannan abu ne mai kyau. Amma a buɗe akwatin ƙungiya a duba. Za a tarar da safa ƙafa ɗai-ɗai, ga ja, ga shuɗiya, kowace ba ta da 'yar'uwa. An gama ta farko da murna, ta biyu kuwa ta tsaya a dunduniya.

A ganinmu wannan hasara ce. Hula in an gama ta, an gama ke nan. Safa kuwa sai ta cika biyu. Wadda ta saƙa ƙafa ɗaya ta ajiye, ulu kawai ta ɓata. Ulun nan kuwa kuɗin masara ne da dankali da muka tara da guminmu.

Ina dalili? Ba ƙyuya ba ce, gama matan nan su ne ke noma da daka da ɗiban ruwa. Dalilan uku ne. Na farko, ulu yakan ƙare a tsakiyar aiki. In an koma kasuwa, launin ba ya zuwa daidai, domin ba rini ɗaya aka yi musu ba. Na biyu, ba a ƙirga layi. Saƙar kwarashi ba ta miƙewa kamar safar kanti, saboda haka in ƙafa ɗaya ta ɗara da layi biyu, sai ta riƙa zamewa. Na uku, akan soma a watan Disamba. Kafin a kai ga ta biyu sanyi ya wuce, sai zuciya ta ce ina amfani.

Wani zai ce, me ya kai mu wahala, ga safar gwanjo da araha? Gaskiyarsa. In don 'yan makaranta ne ko magidanta, ba za mu iya gasa da gwanjo ba. Amma akwai waɗanda safar hannu ta fi yi wa amfani: tsofaffi masu kumburin ƙafa, waɗanda robar safar kanti ke matse su, da jarirai sababbin haihuwa.

Jariri yana saurin yin sanyi, balle bakwaini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce zafin jikinsa ya kamata ya tsaya tsakanin digiri 36.5 da 37.5. Garin Jos yana kan tudu mai tsayin wajen mita 1,200, mutanen Pankshin da na tsaunin Mambila kuma sun san daren Janairu. Babban maganin sanyi shi ne ƙirjin uwa, fata da fata, da nono. Hula da safa suna taimakawa. Sai dai a juya safar a datse duk zaren da ya yi sako-sako, domin yana iya naɗe yatsan jariri ya hana jini gudu. Kada kuma a ɗaure wuyanta tamau.

Ga shawararmu. A sayi ulun ƙafa biyu a lokaci guda, a raba shi ƙulli biyu daidai tun kafin a soma. A riƙa saƙa su tare: in an gama bakin yatsun wannan, a yi na waccan, haka har dunduniya, har wuya. A rubuta yawan layi a littafi, kamar yadda magatakarda ke rubuta buhunan taki. Wadda dunduniya ta gagare ta, ta kawo ranar taro, wadda ta iya ta nuna mata. Kada kuma a ba kowa sabon ulu sai ta kawo ƙafa biyu. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Game da lokaci kuwa, mu manoma ne. Mun saba ajiye iri tun bana domin baɗi. Daga Fabrairu zuwa faɗuwar ruwa, aikin gona yakan yi sauƙi ga wanda ba ya lambu. Safar da aka gama a Maris ba ta makara ba, ta riga hunturu mai zuwa ne. A wanke ta, a shanya, a ajiye inda ɓera ba zai kai ba.

Saboda haka, a taro na gaba a fito da akwatin. Wadda za a iya yi wa 'yar'uwa, a yi mata. Wadda ba ta da sauran ulu irin nata, a warware ta, a saƙa ƙanana biyu na jariri.