Kafin Ka Sayi Littafi Mai Tsarki Mai Sharhi

Idan zangon karatu ya kama, ɗalibai daga Barnawa, Kakuri da Sabon Tasha kan shiga neman Littafi Mai Tsarki irin mai sharhi a ƙasan shafi. Galibi kauri da kyan bango ne ke yanke hukunci, sai kuma farashi. Ga mai nazari, wannan awo bai wadatar ba.

Nassi daban, sharhi daban. Sharhi aikin ɗan Adam ne, kuma kowane mai sharhi da inda ya karkata. Bugun Scofield da ya fito a 1909 ya yaɗa fahimta guda game da ƙarshen zamani, har makaranta da dama suka ɗauke ta tamkar nassi. A gari irin Kaduna, inda kalmar mai wa'azi ke da nauyi, wannan ba ƙaramin lamari ba ne.

Saboda haka, mai karatu, ga gwaji mai sauƙi. Buɗe Markus 16:9-20. Waɗannan ayoyi ba sa cikin Sinaiticus da Vaticanus, manyan kundaye biyu na Helenanci da aka rubuta da hannu a ƙarni na 4. Bugun kirki zai gaya maka haka, ya kawo hujjar kowane ɓangare, ya bar maka hukunci. Wanda ya yi shiru a nan, ina tabbacin bai yi shiru a wani wurin ba?

Sannan ka duba masu sharhin. New Oxford Annotated Bible aikin malaman jami'a ne daga ɗariku daban-daban. ESV Study Bible na 2008 ya tsaya kan fahimtar Ikklesiyoyin bishara. The African Bible, wanda Paulines suka buga a Nairobi a 1999, na Katolika ne, da littattafai 73 maimakon 66. Kowanne da amfaninsa, muddin ka san daga inda yake magana.

Kada kuma Turanci ya raba ka da harshenka. Tun 1932 aka buga cikakkiyar fassarar Hausa, wadda Likita Miller na Zariya ya yi wa hidima. Ka ajiye ta Hausa kusa da ta Turanci. Inda suka saɓa, nan bincike ke farawa, domin da tambaya akan san hanya.