Kar ka cusa lambar mai biya a cikin kwantenar DI

1/ Masu rubuta kod, ku matso. Zaren nan a kan kuskuren da ya kusa kunyata ni a furojet ɗinmu na aji uku ne, kuma na ga da yawanmu na yin sa da kwantenar DI. 🧵

2/ Manhajar biyan kuɗin ƙungiyar ɗalibai muka yi da ASP.NET Core. Akwai kilas mai fitar da rasit. Kwanstiraktansa na son abu 3: rumbun bayanai, abin tura imel, da lambar ɗalibin da ya biya.

3/ Biyun farko kwantena ta san su tun manhaja na tashi. Na ukun kuwa ba a saninsa sai wani ya danna "biya". Ni da wayona, sai na sa kwantena ta ɗauko lambar daga wanda ya shiga, na yi rajistar kilas ɗin da AddSingleton.

4/ Ranar gwaji mutum 5 suka biya, rasit 5 suka fito da sunan mutum ɗaya. 😭 AddSingleton sau ɗaya yake gina abu, don haka lambar wanda ya fara shiga ce ta maƙale. Da kuɗin gaske ne, da rigima ta tashi.

5/ Ra'ayina: aikin kwantena haɗa kayan aiki ne, ba riƙe bayanan da ke canzawa ba. Dubi mai shayi. Butarsa, murhu da kofuna tun asuba suke a teburi. Amma "cokali biyu na sukari, ban da madara" sai ka zauna ka faɗa. Ba ya zuba sukarinka a buta.

6/ Wani zai ce ai AddScoped ya isa. Eh, zai rufe wannan ramin, tunda kowace buƙata da nata. To ranar da ma'aji zai fitar wa ɗalibai da yawa rasit a dannawa ɗaya fa? Ko aikin da ke gudana da dare, babu wanda ya shiga? Ka dawo inda ka fara.

7/ Hanya ta farko, ita ce mafi sauƙi: cire lambar daga kwanstirakta gaba ɗaya, ka ba ta lokacin kira: rasit.Fitar(lambarDalibi). Yawanci nan matsalar take ƙarewa wallahi.

8/ In dole abin ya riƙe lambar, yi masa masana'anta: ƙaramin kilas da kwantena ke ba rumbun bayanai da abin tura imel, kai kuma ka ba shi lambar ta Gina(lamba), ya miƙo maka sabon abu.

9/ Ba ni na ƙirƙiro ba. .NET na da ActivatorUtilities.CreateInstance. Guice na da AssistedInject. Dagger ta ƙara @AssistedInject a sigar 2.31, a 2021. Autofac na iya ba ka Func da ke karɓar ƙimar. Duk manufa ɗaya: kwantena ta kawo nata, ka kawo naka.

10/ Abin da ban yarda da shi ba shi ne yawo da IServiceProvider ko'ina kana roƙon kaya. Wannan Service Locator ne, wanda Martin Fowler ya kwatanta da DI tun 2004. Kwanstirakta ya daina nuna abin da kilas ke buƙata, sai manhaja ta faɗi kake ganewa. In za ka taɓa shi, bar shi cikin masana'anta kawai.

11/ Gaskiya ne, masana'anta ƙarin kod ce. Amma gwaji ya zama ruwa: ka ba da lamba 2 daban, ka duba rasit 2 sun bambanta. Da na rubuta wannan gwajin tun farko, da ban sha zufa gaban malam ba.

12/ Kafin ka sa abu a kwanstirakta, tambayi kanka: na san shi tun manhaja na tashi, ko sai wani ya danna wani abu? Masu Spring da NestJS, ya kuke yi da naku? Ku ajiye a ƙasa. 👇