Fulogi Uku Ko Huɗu: A Daina Ruɗar Mu Da Ƙanƙantar Inji



Tun ranar 29 ga Mayu, 2023 da aka janye tallafin man fetur, wata sabuwar fatawa ta shigo majalisunmu, kuma ta samu mabiya fiye da yadda ta cancanta. Fatawar ita ce, duk mai son sayen mota ya nemi wadda injinta ya fi kowanne ƙanƙanta, shi ke nan ya tsira daga gidan mai. Dillalai sun haddace ta tsaf. Da ka tsaya gaban ƙaramar mota za ka ji an ce, "Alhaji, ai wannan ba shan mai take ba, shinshinawa take yi." Ba mu ga laifin wanda ya tsorata ba. Litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce dubu. Amma tsoro ba ya iya lissafi, kuma malamin makaranta ko ma'aikaciyar asibitin da ta yi shekaru tana zubin adashi don ta rabu da jiran a-daidaita-sahu ba ta da kuɗin sayen mota sau biyu.

Mu ɗauki misali guda don kada maganar ta tafi a iska: Kia Picanto ƙirar 2011 zuwa 2017, wadda a Koriya ta Kudu ake kira Morning. Inji biyu na fetur aka fi saninta da su. Akwai mai lita 1.0, silinda uku, wanda bakanikenmu zai ce maka mai fulogi uku, ƙarfinsa doki 69. Akwai kuma mai lita 1.25, fulogi huɗu, doki 85. Jiki ɗaya, kujeru ɗaya, tanki ɗaya mai cin lita 35. Matsayinmu a fili yake: ga mai iyali a Kano ko Kaduna ko Sakkwato, wanda motar nan ita kaɗai ce motar gidansa, mai fulogi huɗun ita ce zaɓi, kuma masu tura mutane ga ƙaramar da sunan tattali ba su zauna sun buga lissafin ba.

To mu buga. A alƙaluman da kamfanin ya fitar a Turai, ƙaramin injin mai giyar hannu yana shan kusan lita 4.2 a kilomita 100, babban kuma kusan 4.7. Rabin lita ke nan. Mutumin da ke zirga-zirgar ofis, makarantar yara, kasuwa da gaishe-gaishen ƙarshen mako, a ce yana cin kilomita 1,000 a wata, bambancinsa lita biyar ne. In lita tana naira dubu, naira dubu biyar ke nan a wata. Ba mu raina dubu biyar ba, kuɗi ne. Amma a kan wannan ne ake ta kumfar baki a majalisa kamar an gano rijiyar mai a tsakar gida?

Kuma ko rabin litar nan, a ina aka auna ta? A ɗakin gwaji, motar tana kan wasu gangunan ƙarfe masu juyawa, ba iska, ba rami, ba tudun rage gudu. Esi a kashe, fitilu a kashe, zafin ɗakin tsakanin digiri 20 zuwa 30, tafiyar duka kilomita 11 cikin kusan minti 20, ana taka totur a hankali kamar mai tsoron tashin jariri. Turawan da suka ƙirƙiro wannan gwaji su da kansu suka fara jingine shi a 2017, saboda abin da yake nunawa ya yi nisa da abin da direbobi ke gani a titi. Su sun yar, mu mun tsince muna kafa hujja da shi a Ƙofar Ruwa.

Yanzu a kawo motar gida. Nauyinta ita kaɗai bai fi kilo 900 da 'yan kai ba. Maigida ya shiga, uwargida ta shiga, ƙanwarta da ke zaune a gidan ta shiga, ga yara biyu, ga buhun shinkafa mai kilo 50 a but, ga jarkar manja. Kafin a fita layi an ɗora mata kilo 300 ko fiye, wato sulusin nauyinta. In ranar biki ce kuwa, kowa ya san ba a ƙirga kujera, mutane ake ƙirgawa. Sannan watan Afrilu ne, zafi ya haura digiri 40, ba wanda zai hana a kunna esi. Na'urar esin nan daga jikin injin take karɓar ƙarfinta, dawaki kamar uku zuwa biyar take janyewa. A babbar mota ba a ko ji. A injin da dukiyarsa duka doki 69 ce, kana kunnawa za ka ji kamar an riƙo motar ta baya. Shi ya sa za ka ga direban ƙaramar Picanto yana kashe esi in zai hau gada, ya kunna in ya sauko. Wanda ya biya miliyoyi don ya huta da zafi, ga shi yana rabon sanyi da awo.

Abin da ke motsa kaya daga tsaye shi ne ƙarfin murɗawar inji, kuma a nan ne ratar take. Ƙaramin yana da 95 a ma'aunin da ake auna wannan ƙarfi, babban yana da kusan 120, ƙarin kashi ɗaya cikin huɗu ke nan. Abin da wannan ke nufi a titi shi ne, inda mai fulogi huɗu zai ja a giya ta huɗu cikin natsuwa, mai fulogi uku sai ya sauko ta uku, injin yana kuka, ƙafarsa na manne da totur. Injin da aka danne wa totur har ƙasa kuwa, kwamfutar motar ƙara masa mai take yi don kada ya yi zafi fiye da kima. A nan rabin litar da aka yi mana alkawari take narkewa. Gaskiya ne, in ana tsaye cik a cunkoson Kantin Kwari, ƙaramin injin ya fi cin kaɗan, wannan ba mu musa ba. Amma da zarar an ɗora kaya an kunna esi an kama hanya, ratar tsukewa take yi, wani lokaci ma a neme ta a rasa.

In motar otomatik ce, abin ya ƙara muni. Giyar otomatik ɗin wannan ƙirar hawa huɗu ce kacal, kuma ita ma tana cin nata rabon daga ƙarfin injin kafin ya isa taya. Ƙaramin inji da otomatik da esi da mutum biyar, wannan ai zalunci ne ga ƙarfe.

Akwai abin da ya fi mai tsada, kuma shi ne dillali ba ya ambata. Ana ce mata motar cikin gari, amma wane ne a cikinmu motarsa ba ta zuwa ƙauye da Sallah, ba ta zuwa ta'aziyya, ba ta kai yaro makarantar kwana? Yawancin hanyoyin nan falle ɗaya ne, kuma a kansu akwai tirela mai tafiyar hawainiya da dole sai an wuce ta. A takarda, ƙaramin injin yana buƙatar daƙiƙa 14 da ɗoriya kafin ya kai gudun kilomita 100 daga tsaye, babban kuma 11 da ɗoriya, kuma wannan da direba shi kaɗai ne. Daƙiƙa uku ba komai ba ne a wurin mai shan shayi. A wurin wanda ya fito hannun da ba nasa ba, tirela a damansa, wata motar ta ɓullo daga kwana tana ba shi wuta, ga 'ya'yansa a baya, daƙiƙa ukun nan su ne komai. Mutanen Jos kuma nasu ya fi, domin garin yana sama da mita 1,200 daga teku, iska ta fi sirantaka, kuma injin da ba shi da turbo yana rasa kusan kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinsa a can. Duk wanda ya taɓa bin Hawan Kibo a bayan ƙaramar mota cike da mutane ya ga abin da muke faɗa.

Sai a tambaya, in haka ne me ya sa kamfanin ya ƙera ƙaramin, kuma ya sayu sosai? Ku dubi lambar da kyau: 998, ba 1,000 ba. A Koriya ta Kudu akwai rukunin ƙananan motoci da doka ta ce injinsu kada ya kai 1,000, kuma duk motar da ta shiga rukunin tana samun rangwamen haraji da na kuɗin bin manyan hanyoyi da na wurin ajiye mota. A Ingila kuma, a shekarun da ake sayar da wannan ƙirar, motar da hayaƙinta bai wuce giram 100 a kilomita ba ba ta biyan harajin hanya na shekara, ita kuwa ƙaramar Picanto 99 take fitarwa. Mutanen can da hankalinsu suka saya, domin gwamnatinsu tana mayar musu da wani abu, ga sanyi, ga iyali na mutum biyu ko uku. Mu wa zai mayar mana da ko kwabo? Mun karɓi takurar, ladar kuma ta tsaya a can.

Abin haushin ma, mutumin da ya hana kansa fulogi na huɗu don ya tsira da lita biyar, shi ne zai kai motar gareji a cire mata abin da ke daidaita zafin ruwan lagireto, a haɗa fanka kai tsaye wai don kada ta yi zafi. Injin da bai kai zafin aikinsa ba kuwa, kwamfuta ɗauka take har yanzu safiya ce, sai ta yi ta zuba masa mai. Shi ne zai yi wata uku bai duba iskar taya ba. Shi ne zai sayi motar da aka riga aka fafe mata indomi a salansa bai leƙa ba. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana iya cinye abin da ake taƙamar an tara. An tsare ƙofa, an bar katanga a rushe.

(Mu marubuta ma muna da hannu. A littattafanmu jarumi ba ya hawa sai jibgegiyar mota mai baƙin gilashi, ba a taɓa ganin ya tsaya gidan mai ba. Mai karatu ya tashi da sanin sunayen motocin da ba zai taɓa saya ba, wadda zai iya saya kuma ba wanda ya taɓa yi masa bayaninta.)

Akwai wanda ƙaramin injin ya dace da shi, kuma ba za mu hana shi ba: mai tafiya shi kaɗai ko da mutum ɗaya, a gari shimfiɗaɗɗe, da giyar hannu, wanda in tafiyar nesa ta taso tasha yake zuwa. Haka nan in zaɓin ya zama tsakanin lafiyayyen mai fulogi uku da mai huɗun da ke hayaƙi yana shan baƙin mai, a ɗauki lafiyayyen ba tare da dogon tunani ba. Amma wannan mutum ba shi ne yawancinmu ba, kuma ba shi kaɗai dillalai ke yi wa kirarin shinshina ba.

Wanda zai je saye, kada ya tsaya ga rubutun da ke manne a bayan mota, ana sayar da irinsa a kasuwa. A buɗe bonet, bakanike ya ƙirga fulogi. Lambar injin ma tana faɗa: G3LA shi ne mai uku, G4LA mai huɗu. A kula, tsohuwar ƙirar da ta gabaci 2011 daban take, duka injinanta na fetur fulogi huɗu ne ƙanana, ba a kanta muke magana ba. Sannan kada a yarda da gwajin da dillali ke so, wato kai da shi ku zaga layi ɗaya gilashi a sauke. Ku je ku huɗu, a ɗage gilashi, a ƙure esi, a hau gadar Ƙofar Nasarawa da azahar, a gwada wannan a gwada waccan. In dillalin ya ce ba mai a tanki, ku sayi lita biyu da kuɗinku.