Dokar da ba a bayyana ba, kasuwar wasu ce

Jama'a, kowa ya ɗauki wayarsa ya gwada. Ku nemo mini shafi ɗaya tak na gwamnati da ya jera wa matafiyi, da Hausa, abin da aka yarda ya shiga jirgi da shi da abin da aka hana. FAAN na da nata shafin, NCAA na da nata, Kwastam da NDLEA kowa da nasa, duk da Turanci, kuma sai ka yi ta tono kamar mai haƙar rijiya.

Alhali dokokin ba su da yawa. A jirgin ƙasar waje, turare ko man shafawa da ya wuce mililita 100 ba ya shiga jakar hannu. Fawa bank kuwa a hannu ake riƙe shi, ba a sa shi cikin akwatin da za a auna. Kuɗin da ya haura dala 10,000 dole ka bayyana wa Kwastam. Goro, Saudiyya ta hana. To ina wahalar rubuta wannan?

Wahalar ita ce, ranar da Hajiya ta san dokar, ranar ce "a taimaka da na shayi" zai mutu. Mutumin da bai san haƙƙinsa ba, ga jirgi na shirin tashi, an riƙe masa kwalbar turare, wallahi ko nawa aka ce zai zaro.

Kuma abin ya wuce turare. Ba mu manta ɗalibar da aka kama a Saudiyya a Disambar 2018 ba, bayan an liƙa sunanta a jakar ƙwaya da ba tata ba a filin jirgin Malam Aminu Kano. Sai Afrilun 2019 aka sako ta, a ƙasar da ke yanke hukuncin kisa kan safarar ƙwaya. Maniyyata nawa aka taɓa koya wa su ƙirga takardun shaidar kayansu, su tabbatar sun yi daidai da yawan akwatunansu?

Kada wani ya ce mana babu doka. Tun Mayun 2017 Osinbajo ya sa hannu kan umarnin da ya tilasta wa hukumomi wallafa sharuɗɗansu a intanet. Amma a 2024 abin da ya fi damun ma'aikatar Festus Keyamo shi ne kwashe hedikwatar FAAN daga Abuja zuwa Legas. Wannan kam an yi shi da sauri.

'Yan ɗaya ɓangaren za su ce ƙaramin batu ne, mu yi maganar 2027. Su da ke bi ta ƙofar manyan baƙi, wa ya taɓa buɗe musu jaka?

Buƙatarmu ga wakilanmu a majalisa: shafi ɗaya, da Hausa, Yarbanci, Ibo da Turanci, da saƙon murya da za a iya turawa ta WhatsApp saboda iyayenmu da ba sa karatun boko, da lambar kai ƙara da ake ɗauka. Kowa ya tura wa ɗan majalisarsa wannan, in ya amsa ku kawo mana amsar mu wallafa, in ya yi shiru ma za mu faɗa.